Oceanis 46.1 a hannun iyali mai 'ya'ya uku: abin da zai iya da abin da ake ɗora masa

A watan Janairun 2019, a baje kolin jiragen ruwa na birnin Duseldof da ke Jamus, alƙalan gasar gwarzon jirgin shekara na Turai suka ba Oceanis 46.1 na kamfanin Beneteau kambun rukunin jiragen yawon iyali. Alƙalan nan 'yan jarida ne na mujallun harkar jirage daga ƙasashe daban-daban, kuma sai sun hau jirgi sun tuƙa shi da hannunsu kafin su jefa ƙuri'a. Yabon nasu yana da tushe. Sai dai su ƙwararru ne majiya ƙarfi, gwajinsu na 'yan sa'o'i ne da rana, kuma babu yaro ɗan shekara huɗu da ke kuka a ɗaki saboda jiri da amai. Iyalin da zai zuba kuɗinsa a jirgi mai filafilai na wannan girman yana buƙatar wani ma'auni daban.

Mu ɗauki iyali irin wanda aka fi gani a tashoshin Bahar Rum: miji da mata da 'ya'ya uku, babba ɗan shekara 12, mai bi masa 'yar shekara 9, auta ɗan shekara 4. Maigidan ya daɗe yana tuƙi, uwargidan ta iya riƙe sitiyari da jan igiya amma ba ta taɓa shiga da jirgi tasha ita kaɗai ba. Burinsu su yi bazara biyu ko uku suna zaga tsibiran Girka da gaɓar Kuroshiya, in abin ya karɓe su kuma su ƙetare Tekun Atlantika zuwa Karibiyan. Sabon jirgi ya fi ƙarfin aljihunsu, don haka idonsu yana kan na hannu, wanda ya gama shekarunsa a kamfanin shata. Tambayar da za ta raba gardama ita ce wannan: ranar da maigida ya kwanta ciwo ko ya ji rauni, kuma iska ta taso da dare, uwargida za ta iya sarrafa jirgin nan ita kaɗai?

Asalin jirgin

Beneteau tsohon gida ne. A 1884 Benjamin Bénéteau ya fara ƙera jiragen kamun kifi na katako a Croix-de-Vie, a gaɓar yammacin Faransa. Jikarsa Annette Roux da ɗan'uwanta André ne suka karkata harkar zuwa jiragen faiba na shaƙatawa a shekarun 1960, a 1995 kuma kamfanin ya saye abokin hamayyarsa Jeanneau. Jiragensu na masana'anta ne: ana zuba gangar jiki a mazubi ɗaya, a haɗa kayan ciki a gefe, a sauke su gaba ɗaya, a rufe da bene. Wannan ne ya sa farashinsu bai kai na jiragen da ake ƙerawa ɗaya-ɗaya a Suwidin ko Ingila ba, shi ne kuma ya sa ake samun kayan gyaransu kusan a kowace babbar tasha.

Oceanis 46.1 ya fito a 2018. Pascal Conq ne ya zana gangar jikin, kamfanin Nauta Design na Italiya ya tsara bene da ɗakuna. Tsawonsa mita 14.60, faɗinsa mita 4.50, nauyinsa ba kaya wajen tan 10.6. Ƙarfen nauyin da ke rataye a ƙarƙashinsa, wanda matuƙa ke kira kil, yana kai zurfin jirgin zuwa mita 2.35, akwai kuma gajere na mita 1.75 da dogo na mita 2.65. Injin da ya fi zuwa da shi Yanmar ne mai ƙarfin doki 57.

Dabarar da ta sa ya yi fice tana jikin gangar. Akwai wani tudu da ya bi gefen jirgin tun daga hanci: ƙasa da shi, inda ruwa ke taɓawa, jikin siriri ne don ya yanka ruwa, sama da shi kuma sai ya buɗe. Saboda haka ɗakin gaba, wanda a tsofaffin jirage lungu ne mai kusurwa uku, a nan ya ɗauki gado mai faɗin mita 1.60 da ake hawa ta gefe biyu, ga wurin wanka daban, ga makewayi daban. Akwai mai ɗaki uku, huɗu ko biyar. Duk wanda ya sauka matakalar ya ga falon nan da hasken da ke shigowa ta tagogin gefe, to rabin ciniki ya faɗa.

Rayuwa a anka

A nan ba ni da abin da zan rage masa. Iyali a Bahar Rum suna tafiyar sa'a uku ko huɗu ne a yini, sauran lokacin jirgi yana tsaye a anka ko a tasha. Masu zanen sun san haka, kuma a kan haka suka gina shi. Dandalin baya yana da faɗi, da tebur a tsakiya da kowa zai zauna cin abinci. Bangon baya yana saukowa ya zama dakali dab da ruwa, yara su yi ta tsalle suna hawowa ba tare da an ɗaga su ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda aka kai igiyoyi. Duk an ja su baya zuwa wincuna, wato na'urorin da ake naɗe igiya a kansu don a ja ta da ƙarfi, da ke kusa da sitiyari biyu, wurin zaman yara kuwa babu igiyar aiki ko ɗaya. Babbar igiyar da ke riƙe sandar filafili ba ta ratsa dandalin ba, a sama take. Wanda ya san yadda wannan igiya ke zabura in iska ta juya filafili ba zato, ya san cewa kawar da ita daga inda yaro ke zama ba ƙaramin tunani ba ne. Igiya ce da ke iya karya hannu, ta kuma jefa babba cikin ruwa.

In iska ta taso

Jirgin da ya fito da tsarin masana'anta yana da saukin tuƙi. Babban filafilin yana naɗewa cikin jigo, wato doguwar sandar da ke tsaye a tsakiyar jirgi, ƙaramin na gaba kuma yana sauya gefe da kansa a kan wata dogo, don haka juyawa gaban iska murɗa sitiyari ne kawai. A iska matsakaiciya daga gefe yana yin not 7 zuwa 8, wato kilomita 13 zuwa 15 a sa'a, kuma alluna biyu na juyawa, waɗanda sitiyari ke sarrafawa, da ke ƙarƙashin bayansa suna riƙe ruwa ko da ya kishingiɗa. Uwargida za ta iya wannan ita kaɗai, autanta na zaune kusa da ita.

Sauƙin yana da farashi. Ƙaramin filafilin gaba bai isa ba in iska ta yi sanyi ko ta dawo ta baya. Sai an sayi wani babba marar nauyi, in ba haka ba kullum inji ne a kunne. Shi kuma mai naɗewa cikin jigo yana da hali: in ya tsufa ya saki jiki, ko aka naɗe shi ba a ja shi da kyau ba, yakan cushe a bakin ramin, ya ƙi shiga ya ƙi fita. Jiragen da suka yi shekaru a shata sun fi fama da wannan, domin hannaye da yawa sun yi ta jan sa.

Sai batun tsayuwa. Kil ɗin bai kai tan 3 ba, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin jirgin ke nan. Yawancin ƙarfin da ke hana shi kishingiɗa daga faɗinsa yake zuwa. Irin wannan jirgi yana son tafiya a miƙe, kuma yana son a rage masa filafili da wuri. Ƙarfin da iska ke bugun filafili da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: in ta ninka daga not 15 zuwa 30, bugun ya ninka sau huɗu. A Tekun Ejiyan, iskar arewa da ake kira Meltemi takan kai haka a watannin Yuli da Agusta, ta yi kwanaki ba ta lafa ba. Igiyar da yarinya 'yar shekara 9 ke ja da safe, da la'asar sai ta gagari babanta in babu winci. Don haka winci mai lantarki ko da guda ɗaya ne, a wurin wannan iyali ba ƙawa ba ce.

Idan aka fuskanci igiyar ruwa kai tsaye, shimfiɗaɗɗen ƙasan gaba yakan tashi ya faɗo da ƙara, kwanuka su yi ta kaɗawa a kicin. A lokacin ne babban gadon nan na gaba ke zama wurin da ba ya kwantuwa, kowa ya koma ɗakunan baya. Falon mai faɗi shi ma yana juyewa ya zama matsala, domin daga wannan madafa zuwa waccan akwai tazarar da hannun yaro ba zai kai ba, in jirgi ya karkata kuma faɗuwar mai nisa ce. Ƙara madafai a daidai tsayin yara, da ɗaura kyallen tare mai barci a gefen kujeru, da sa raga a shingen bene, aiki ne mai araha da ya kamata a gama kafin fita ta farko.

Shiga tasha

Yawancin faɗan miji da mata a jirgi a tasha ake yin sa, kuma dalilin yana nan a ƙirar. A Bahar Rum da baya ake shiga, a cusa jirgi tsakanin wasu biyu. Jirgi mai allon juyawa ɗaya yana da taimako: ruwan da farfela ke turawa yana bugun allon, don haka ko a tsaye yake ana iya karkata shi. A mai allo biyu farfela tana tsakiya, allunan suna gefe, ruwan ya wuce ta tsakaninsu. Sai jirgi ya samu gudu kafin ya ji sitiyari. Ga gefensa mai tsayi da iska ke turawa, ga tan 12 ko fiye in an loda kaya, ba abin da mutum zai tare da ƙafa ba ne. Ƙaramar farfelar hanci mai tura jirgi gefe tana warware mafi yawan wannan, kuma bai kamata su sayi wanda ba shi da ita ba. Amma na'ura ba ta maye gurbin koyo. Uwargida ce ya dace ta riƙe sitiyari a tasha, maigida mai ƙarfin damtse ya ji da igiyoyi. Akasin haka ake yawan gani, shi ya sa ranar larura ake rasa mai shigar da jirgi.

Abin da ido ba ya gani

Nan ne zan daɗe, domin nan ne rai yake. A irin waɗannan jirage na masana'anta, ana manna wani ƙwarangwal na faiba a cikin gangar jiki, shi ke ɗaukar nauyin kil, kil ɗin kuma manyan notuka ne ke riƙe da shi. In jirgi ya daki dutse yana gudu, gaban kil yana fizgowa ƙasa, bayansa ya soki ganga zuwa sama. Daga waje ƙila a ga ɗan kwarzane kawai. A ciki kuwa, ƙarƙashin katakon daɓe, mannen da ke tsakanin ƙwarangwal da ganga yana iya rabuwa.

A watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki, samfurin Beneteau First 40.7, yana komawa Southampton daga Antiguwa da mutum huɗu 'yan Ingila. Suka sanar cewa ruwa yana shigo musu ba su gano ta ina ba. Ranar 16 ga wata aka daina jin ɗuriyarsu, suna wajen mil 720 daga gaɓar Nova Scotia ta Kanada. Da aka ga jirgin, a kife yake, babu kil, kwalekwalen ceto na roba yana nan a ma'ajinsa ba a fito da shi ba. Ba a ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta fitar da rahoto a 2015. Ba a ɗauko gangar ba, don haka ba ta yanke hukunci kai tsaye ba, amma ta nuna cewa jirgin ya sha taɓa ƙasa a baya an yi gyare-gyare, kuma mai yiwuwa hakan ya raunana haɗin ƙwarangwal da ganga har kil ya fita.

Wancan samfuri ne daban, na tsere da yawo, kuma dubban jiragen da aka ƙera ta wannan hanya suna yawo lafiya. Abin da ya haɗa shi da iyalinmu shi ne tarihin jirgi. Wanda ya yi shekara biyar a shata tsakanin duwatsun Kuroshiya ya ratsa hannun baƙi da yawa, kuma ba kowane ɗan haya ne ke komawa ya ce ya daki dutse ba, tunda kuɗin ajiyarsa ne zai tafi. Don haka kafin a biya ko sisi, a ɗauko ƙwararren mai binciken jirage wanda mai saye ne ya ɗauke shi, ba dillali ba. A ɗaga jirgin daga ruwa. A cire katakon daɓe duka. A bi ƙwarangwal da ƙaramar guduma ana sauraro, domin wurin da ya rabu ƙararsa daban ce, kamar ta tulun da ya tsage. A duba tsatsa a kan notuka, da tsaga a faiba kewaye da su, da layin da kil ya haɗu da ganga lokacin da nauyin jirgi ya sauka a kansa. In an ga sabon fenti a wuri ɗaya a ƙasan, a nemi takardar gyaran. In babu takarda, a haƙura da jirgin komai arharsa.

A tambayi kuma inda kwalekwalen ceto yake zama, a sa uwargida ta fito da shi ita kaɗai ana kallon agogo.

Ƙetare Atlantika

Jirgin yana da shaidar Tarayyar Turai ta rukunin A, wadda ake ba jiragen da aka tsara don iskar da ta wuce mataki na 8 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort da raƙuman ruwa sama da mita 4. Wannan magana ce a kan ƙira da tsayuwa, ba ta ce an shirya jirgi ga tafiyar mako uku ba. Ayarin ARC na jiragen filafilai masu ƙetare Atlantika tare, wanda Jimmy Cornell ya faro a 1986, yana tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari a ƙarshen Nuwamba zuwa Rodney Bay a Sen Lusiya, mil 2,700 na teku, kuma jirage irin wannan sukan yi kwana 18 zuwa 21. Jiragen Beneteau da Jeanneau suna da yawa a ayarin kowace shekara, iska kuma ta baya ce, wadda ta dace da faɗin jikinsu. Jirgin zai iya.

Lissafin tanki ne ke nuna cewa ba don haka aka fito da shi daga masana'anta ba. Tankin ruwa na asali lita 370 ne. A raba wa mutum biyar na kwana 20, kowa ya samu lita 3.7 a yini, sha da girki da wanke-wanke duk a ciki. Iyalin Musulmi ba za su damu da alwala ba, tunda ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda hadisi ya tabbatar, amma yara uku a zafi za su sha fiye da yadda aka zata. Sai an ƙara tanki da jarkoki, ko na'urar tace ruwan gishiri, ita kuma tana cin wuta. Tankin mai lita 200 ne; in inji yana shan lita 3 zuwa 4 a sa'a, bai fi tafiyar mil 300 zuwa 400 ba. Na'urar tuƙi mai sarrafa kanta za ta yi aiki dare da rana, don haka ana buƙatar faranti masu amfani da hasken rana, da ƙarin batura, da kayan gyaranta a ajiye.

Akwai kuma hanyar zuwa Kanari. Tun 2020 dabbobin teku da ake kira orka suke far wa allunan juyawa na jiragen filafilai a mashigin Jibralta da gaɓar Fotugal da arewacin Sifaniya, har wasu jirage sun nutse. Allunan Oceanis biyu a fili suke, babu kil a gabansu da zai kare su daga orka ko gungumen da ke yawo a ruwa. Samun biyu yana nufin in ɗaya ya karye akwai saura, amma a duba ko ruwan da zai shigo ta gindin allon zai tsaya a baya ko zai malale cikin jirgin duka.

Mafi nauyi duka shi ne barci. Manya biyu za su riƙa karɓa-karɓar gadi kowace sa'a uku ko huɗu har mako uku, wanda ya sauka kuma yara na jiransa. Gajiya ce ke sa mutum ya fita bene ba tare da ya maƙala igiyar rigarsa ba. In maigida ya faɗa ruwa da dare, gefen jirgin ya yi tsayin da ba za a jawo shi da hannu ba, dakalin baya kuma a raƙuman ruwa yana tashi yana dukan ruwa da ƙarfin da zai fasa kai. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Babba na uku, ɗan'uwa ko aboki da ya iya gadi, ya fi duk wata na'ura da za su saya.

Hukuncin da ya dace da su

Ga bazarar Bahar Rum, Oceanis 46.1 mai ɗaki uku ya dace da iyalin nan, da sharaɗin farfelar hanci, winci mai lantarki, da bincike mai tsabta. Su guji mai ɗaki biyar duk da ana samunsa a kasuwar jiragen shata, domin ɗakunan sun cinye wurin ajiya. Kil mai mita 2.35 ya fi gajeren riƙe hanya gaban iska, kuma ruwan Girka da Kuroshiya yana da zurfin da zai ɗauke shi. Su fara da Tekun Ayoniya a yammacin Girka inda iska ke da sauƙi, su bar Ejiyan sai hannu ya faɗa.

Su kuma dubi ƙanensa, Oceanis 40.1 da ya fito a 2020, mai tsawon kusan mita 13 da nauyi wajen tan 8. Shi ma akwai mai ɗaki uku. Kuɗin tasha da tsawo ake caji, filafilai da igiyoyi da fenti duk suna bin girma, masu jirage kuma sukan ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi a matsayin ɗawainiyar shekara. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe jigo, kamfanonin inshora da yawa suna son a sauya su in sun kai shekara 10, kuma jiragen farko na 2018 sun doshi wannan lokaci. Kafin su sa hannu, su ɗauki shatar kowanne na mako guda, uwargida ta rage filafili ita kaɗai a iska mai ƙarfi, ta kuma shigar da jirgin tasha da baya maigida yana zaune bai ce uffan ba. Wanda ta iya yi wa haka a cikin biyun, shi za su saya.